Shanun da Kamfani Bai Saya Ba

Litinin, 3 ga Nuwamba 1975, bayan La'asar

Yau dai Alhaji Ɗanmaliki ya ƙure ni. Duk shekarun da na yi a baitulmalin Kankia ba wanda ya taɓa cewa in rubuta abin da babu, sai da na ajiye aikin na zo na zama akantan Kamfanin Gari Ya Waye. Matata Tani ta ce kada in bari, ban ji ba. To ga shi nan.

Gyaɗa ta mutu bana, wannan ko makaho ya sani. Daga Kunduru har Kusada ganye ya murtuke ya yi rawaya, wanda ya shuka buhu bai tono tiya ba. Mu kuwa sana'ar kamfani ke nan, mu ba manoma kuɗi da damina, su biya da gyaɗa da kaka, mu loda a motarmu mu kai Kano. Kuɗi sun fita, gyaɗa ba ta zo ba, motar ma da rancen banki aka saye ta. Mai hankali zama zai yi ya rafka tagumi. Alhaji, ciyaman ɗinmu, shi sabon rance yake nema. Wai gwamnati za ta ba da kwangilar gina ajujuwan firamare ko'ina, zai sayi tifa biyu ta ɗiban yashi tun kafin a ba shi kwangilar.

Na ce, "Alhaji, in ba a ba mu ba fa?"

Ya ce, "Malam Dauda, kai kullum in ba a yi ba, in ba a yi ba. Kuɗin fetur na malala bisa titi, kowa ya tara ƙwarya, kai ka kife taka."

Bankin da ke Katsina sun ce sai an kawo takardar abin da kamfani ya mallaka, da sa hannun akanta, da abin da za a jinginar. Sai ya tsaya a kaina ya ce in rubuta mota ɗaya, sito ɗaya, shanu ɗari biyu. Na ɗago na ce waɗanne shanu? Ya ce na Bauranya mana, garken Arɗo Bubayero.

Arɗo Bubayero kawuna ne, wan Inna mahaifiyata. Tun rasuwar Baba Inna ta koma rugarsu ta Bauranya tana zaune wurinshi, kuma shanunta na cikin garken nan. Da aka kafa kamfani Kawu ya sayi hannun jari da bijimai biyu, aka kai su kasuwa, ni na rubuta mashi rasit. Su ne yau suka hayayyafa suka zama ɗari biyu. Bijimai fa!

Na ce alƙalamina ba tawada. Ya san ƙarya nake, na san ya sani.

Talata, 4 ga wata, da hantsi

Ashe ranar Juma'a Alhaji ya je Bauranya. An shimfiɗa mashi tabarma, an dama mashi fura da kindirmo, ya sha ya gyara zama, sannan ya ce wa Kawu yana son garke ya shiga kamfani don a nuna wa banki. Kawu ya dubi ƙasa ya ce babu laifi. Shi ke nan Alhaji ya hau mota ya dawo da shanu ɗari biyu a baki.

Na ce, "Haba Alhaji, kai ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Yaushe Arɗo ya taɓa ce wa wanda ke zaune bisa tabarmarshi a'a? Balle kai da ka buɗe masu rijiyar gonarka shekarar fari, lokacin da shanun wasu ke faɗuwa a hanya. Ko wuyanshi ka ce ya miƙo cewa zai yi babu laifi."

Ya ce, "Ni dai da kunnena na ji."

Na yi mashi bayanin da ya riga ya sani, don dai in sauke nauyi. Garken nan ba na Kawu ba ne, shi dai ke gabanshi. Wannan saniya sadakin matar wane ce, waccan an ba jariri ranar suna, wasu na Inna ne da ta gada wurin uwarta, wasu ma na mutanen gari ne da suka ba da kiwo. In aka tsame na Kawu na ƙashin kanshi, yatsun hannu sun isa. Na kuma tambaye shi wa ya ƙirga ɗari biyun, tunda su can ba su ƙirga shanu, da suna da kama suke sanin kowace. Ya ce shi ya ƙiyasta ta tagar mota.

Ta tagar mota. Ikon Allah.

Ya dafa mani kafaɗa ya ce, "Takarda ce kawai, Malam Dauda. Banki na Katsina, shanu na Bauranya, mi zai haɗa su?" Na ce ranar da aka kasa biya, manyan motoci za su haɗa su. Ya ce bakina ba alheri.

Laraba, 5 ga wata, bayan Magariba

Ban sa hannu ba.

Alhamis, 6 ga wata, da azahar

Wallahi aljihun babbar rigar Alhaji shi ne asusun kamfanin nan. Kuɗin kamfani ta nan suke shiga, kuɗin cefanen gidanshi ta nan suke fita, aljihu ɗaya, na dama. Na sayo akwatin ƙarfe mai makulli tun bara, yanzu goro yake ajiyewa ciki.

Yau makaɗa sun tsaya ƙofar ofis suka wasa shi, ya zaro ya yi ta liƙi. Da suka tafi ya leƙo ya ce in rubuta bauca. Na ce baucar mi? Ya ce man mota. Motar da ke fake gindin itacen bedi tun da aka shiga kaka ba abin ɗauka, ita ce ke shan mai haka.

Sai batun kuɗin da muka raba wa manoman Kunduru. Na ce a rubuta shi asara, don mutanen nan ba su da abin biya, wasu iri ma ba su tsira da shi ba. Ya ce a'a, a rubuta gyaɗa tana hanya. Na ce wace hanya, Alhaji, in je in tarye ta? Ya sha mur ya ce ba ya son raini.

Abin da ke ƙona mani rai shi ne ba ɓarawo ba ne. Da ɓarawo ne da na huta, sai in san da wa nake yi. Mutumin nan ya yarda da abin da yake faɗa har cikin zuciyarshi. Yana ganin tifofin nan da idonshi, har ya zaɓi launin fenti.

Asabar, 8 ga wata, bayan La'asar

Taron daraktoci. Mu huɗu a zauren Alhaji, shi da ƙanenshi Kabo, da Malam Sada tsohon malamin gona, sai ni mai rubutu.

Na tashi na yi bayani tiryan-tiryan. Na ce kamfani bai mallaki ko ɗan maraƙi ba. Na ce rance bisa rance za mu ci saboda kwangilar da ba a ko sanar ba. Na ce in abin ya ɓaci ba mu za mu kwana da yunwa ba, mata da yaran ruga ne waɗanda ba su san ma ana yi ba. Na yi magana har maƙogwarona ya bushe.

Alhaji ya juya ya ce, "Kabo?" Kabo ya ce, "Yadda Yaya ya ce." Ya ce, "Malam Sada?" Malam Sada ya gyara hula, ya yi tari, ya dubi rufin ɗaki kamar an rubuta amsar a can, ya ce, "Yadda Alhaji ya ce." Aka shafa fatiha, aka kawo shinkafa.

Ina ɗaure jaka bayan babur sai ga Malam Sada ya biyo ni yana waige-waige. Ya rage murya ya ce, "Malam Dauda, wallahi gaskiyarka, duk abin da ka faɗa haka yake." Na ce, "Malam, ai a ciki ake buƙatar wannan, nan waje ni da babur ne kawai." Ya ce in yi haƙuri, Alhaji ne ya biya mashi kujerar Makka.

Na rubuta a littafin taro cewa an amince, akanta bai amince ba. Kabo ya ce akanta ba ya da ƙuri'a. Gaskiyarshi ne kuma, abin haushi.

Lahadi, 9 ga wata, da safe

Tani ta ce tun da satin nan ya kama nake huci a gida kamar kububuwa, yara sun daina shigowa ɗakina. Ta ce, "Malam, a can aka ɓata maka rai, a nan kake sauke mana. Mu muka ce ka bar baitulmali?" Na ce ba ku ba ne. Ta ce to a ci tuwo.

Rediyo kullum sunayen ma'aikatan da soja suka kora ake karantawa. Ta ce in na sa hannu a kan ƙarya, wata rana nawa za a karanta. Ta ce in ban sa ba kuma Alhaji zai kore ni, kuma ɗan abin da na tara duk yana cikin kamfanin. Na ce to wanne kike so? Ta ce ita dai ba ta son a taɓa shanun Inna, sauran ni na sani.

Laraba, 12 ga wata, bayan Magariba

Na je Bauranya. Na dawo da ciwon kai.

Na tarar da Kawu gindin tsamiya yana tufka igiya. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ya tambayi Tani, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi babur. Da na kawo maganar Alhaji sai ya ce karan dawa ya yi kyau bana, shanu za su ji daɗi. Na sake kawowa, ya ce Alhaji mutumin kirki ne, ya shayar da su lokacin da ƙasa ta tsage.

Na ce, "Kawu, na san ya shayar da ku. Amma kun yarda a jinginar da garke?"

Ya ce, "Ai ban ce a jinginar ba."

Na ce, "To kun ce kada a yi?"

Ya ci gaba da tufka. Can ya ce, "Dauda, mutum ya zo gidanka, ya zauna, ya sha abin da ka ba shi. Da wane baki?"

Da wane baki! Da bakin da ake cin fura da shi mana. Ban dai faɗa ba, na haɗiye. A wurinshi an gama magana, tunda bai kai shanu ba kuma bai sake tada zancen ba, ai Alhaji ya gane. Haka suke yi tsakaninsu, kuma tsakaninsu kowa na ganewa. Na ce mashi banki ba ya gane irin wannan. Ya ce shi bai san banki ba, Alhaji ya sani.

Inna na can tana tatsar Wule, farar saniyar nan tata mai baƙin kunne. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon ƙwarya. Ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana, ba ta kuma dubana ido cikin ido, haka na taso na gani. Gwiwarta ta ƙara kumbura, da ƙyar ta miƙe. Ta aiko yarinya da man shanu a kai wa Tani.

Juma'a, 14 ga wata, bayan an sauko masallaci

Ban sa hannu ba. Alhaji ya gaisa da kowa a ƙofar masallaci, da ya zo kaina sai ya tuna yana neman takalminshi.

Litinin, 17 ga wata, da yamma

Mutumin banki ya zo. Malam Babba sunanshi, saurayi ne mai natsuwa, da taye a wuya cikin wannan rana. Alhaji ya yanka mashi kaji. Ya duba mota, ya duba sito, ya buɗe takardu. Ya ce tunda shanu abu ne mai ƙafa, banki ba zai karɓa ba sai an ɗora wa kowace tambarin kamfani da ƙarfe, sannan Arɗo ya dangwala yatsa a gabanshi. Ya sa ranar Alhamis ta mako mai zuwa.

Sai ya juyo ya dube ni ya ce, "Malam akanta, shanun nan na kamfani ne ko?"

Alhaji na zaune kusa da ni, gwiwarshi na taɓa tawa. Abokin Baba ne, shi ya ɗauki makarar Baba ta gaba. Na buɗe baki, sai na ji ina cewa ana kan daidaita takardun. Malam Babba ya ce madalla.

Ana kan daidaita takardun! Ni da na je Bauranya ina ganin laifin tsoho. Duk hanyar gida ina zagin kaina bisa babur, har wani mai jaki ya ɗauka da shi nake.

Na yi ta lallashin kaina cewa in na fasa ƙwai yau banki zai janye motar, masu ƙananan hannun jari na Kunduru su tashi a tutar babu. Haka ne, ba ƙarya ba ne. Amma ba shi ya rufe mani baki ba.

Talata, 18 ga wata, da hantsi

Kabo ya shigo yana murmushi ya ce in daina wahalar da kaina. Yaya ya samu wani akanta a Kano mai hatimi, zai sa hannu a takardar ba sai ya zo Kankia ba. Na ce bai ga shanun ba fa. Ya ce ai shi ya sa ya fi sauƙi.

Ke nan duk taurin kan da nake yi na banza ne. In sa, in bari, rancen zai fita. Abin da ya rage yatsan Kawu ne, kuma na san Kawu. In Alhaji ya sauka rugar nan da baƙo mai taye, aka shimfiɗa masu tabarma, wallahi zai miƙa yatsa yana kallon ƙasa.

Alhamis, 20 ga wata, da azahar

Tun safe maƙerin bayan ofis ke bugun ƙarfe. Tambarin ne. Kowane bugu a tsakiyar kaina yake sauka.

Asabar, 22 ga wata, bayan La'asar

An kawo tambari. Haruffa ukku na sunan kamfani, faɗin tafin hannu, da doguwar ƙota. Alhaji ya yi ta juya shi yana yabon maƙeri, ya gwada shi a ƙofar sito har itacen ya yi hayaƙi. Ya ce a rubuta kuɗin ƙira. Na ce a wane shafi? Ya ce kula da dabbobi.

Na sake gwadawa, don Allah Ya gani. Na ce, "Alhaji, ka ba da gonarka ta bakin rafi jingina mana, tunda ka tabbata kwangilar za ta zo." Ya zaro ido ya ce gonar gado ce, da haƙƙin 'yan'uwanshi mata a ciki, ba ya wasa da ita. Na dube shi ko zai ji abin da ya faɗa. Bai ji ba. Ya ce in kulle tambarin a akwatin ƙarfe, in fidda goron.

Lahadi, 23 ga wata, bayan Magariba

Na ɗauki tambarin na naɗe a buhu na kai Bauranya. Ba wanda ya aike ni.

Ban yi dogon bayani ba wannan karon, na gaji da bayani. Na kwance buhu na ajiye ƙarfen gaban Kawu. Na ce ranar Alhamis za a hura wuta a nan gindin tsamiya, a sa wannan ciki har ya yi ja, a kada shanu ɗaya bayan ɗaya a manna masu a cinya. Na Inna, da na amaren 'ya'yanshi, da na jikokin da ba su iya tafiya ba. Daga ranar, ko ɗan maraƙi suka kai kasuwa mai saye zai ce ina takardar kamfani.

Ya ɗauki ƙarfen ya auna nauyinshi a hannu. Ya sa aka kira 'ya'yanshi maza, suka tsuguna, ƙarfen ya zagaya hannu zuwa hannu. Sannan Kawu ya ce, "Har Wule?" Na ce har Wule.

Ya ce, "In Alhaji ya zo, ba zan iya hana shi ba."

Na ce na sani. Sai na faɗi wata magana guda wadda ba zan rubuta a nan ba, don ni ma'aikacin kamfani ne har yanzu kuma littafi na iya faɗawa hannun kowa. Kawu ya ajiye ƙarfen. Ya juya ya dubi rumbunan dawa da suka cika makon jiya, ya dubi wajen kukar da aka binne kakana. A nan aka haife shi. Ni kaina tun ina yaro rugar nan ba ta taɓa gusawa ba, samari ne kawai ke kai shanu kudu da rani su dawo.

Kafin in taho na shiga wurin Inna. Na ce da wannan gwiwar ba za ta iya wahala ba, ta zo Kankia ta zauna da mu, ga asibiti kusa, ga jikokinta. Na ce zan zo da mota in ɗauke ta ranar Alhamis da an watse. Ta gyara itace a murhu ta ce Allah Ya kai mu. Na ji sanyi a raina, rabon da in ji haka tun farkon wata.

Na maida tambarin akwati kafin Kabo ya lura.

Talata, 25 ga wata, da yamma

Tani ta kwashe tarkacen ɗakin kusa da rijiya, ta sa an yi mashi daɓe, ta sayo sabuwar tabarma da fitila. Yara na faɗa a kan wanda zai riƙa kwana wurin kaka. Na sayo maganin shafawa na gwiwa a kemis.

Takardar Kano ta iso da hatimi ja. Shanu ɗari biyu, lafiyayyu, an duba. An duba!

Alhamis, 27 ga wata, bayan Magariba

Mun tafi da hantsi, mota biyu. Alhaji da Malam Babba a gaba, ni da Kabo da maƙeri da buhun gawayi a baya. Alhaji ya sa rigarshi ta Sallah.

Tun daga nesa na san an yi, don ba ƙarar maraƙi, ba hayaƙi. Muka tsaya gindin tsamiya. Bukkoki na nan tsaye ba ƙofofi, turakun maruƙa na nan a jere ba igiya, kashin shanu ya fara bushewa. Kaji biyu kawai ke tono. Maƙeri, da yake ba a ce ya bari ba, ya sauke gawayi ya fara hura wuta.

Gajere, manomin da gonarshi ke maƙwabtaka da rugar, ya taho yana saɓe da fartanya. Ya ce sun tashi tun shekaranjiya da sanyin safiya, sun yi kudu, ba su ce ga inda za su ba. Sun bar mashi amanar rumbuna. Ya ce Arɗo ya ce a gaida Alhaji da kyau, a ce mashi ba su manta da ruwan rijiya ba.

Alhaji ya yi tsaye kamar an dasa shi. Ya zagaya wata bukka ya leƙa, kamar shanu ɗari biyu za su ɓuya ciki. Ya dawo yana cewa, "Amma ya ce babu laifi. Da kunnena na ji." Wallahi sai da ya ba ni tausayi, don da gaske bai gane ba. Sannan ya juyo kaina ya ce, "Malam Dauda, ina shanun kamfani?"

Na ce, "Alhaji, kamfani bai taɓa mallakar saniya ba. Bijimai biyu aka ba mu, mun sayar tun shekarar da aka kafa shi."

A gaban Malam Babba na faɗa, da ƙarfi, har maƙeri ya saki zuga-zugi. Malam Babba ya rufe jakarshi ya ce zai rubuta abin da ya gani, kuma banki zai so ya sake duba maganar motar. Kabo ya kira ni munafuki. Alhaji ya shiga mota ya ja ƙofa. Na san aikina ya ƙare, na san ɗan jarina ya bi ruwa, kuma a lokacin ko a jikina.

Na bar su na nufi bukkar Inna ina cewa ta fito mu tafi, ga mota. Tabarma babu, ƙorai babu, duwatsun murhu ukku ne kawai da toka.

Gajere ya biyo ni. Ya ce ai da ita aka tafi, bisa takarkari suka ɗora ta saboda ƙafar, tana riƙe da igiyar maraƙin Wule. Na ce ba ta yiwuwa, mun yi magana da ita, ta ce Allah Ya kai mu. Gajere ya dube ni kawai. Ni da na kusa wata ina koya wa Alhaji yadda mutanen nan ke magana, aka zo kaina na ji abin da nake son ji.

Na ce ba ta bar saƙo ba? Ya ce ta bari. Ta ce a gaya wa mutumin Kankia ta gode da ɗaki.

Juma'a, 28 ga wata, da safe

Ban je ofis ba, ba a kuma aiko ba. Shanun sun tsira, ina ta gaya wa kaina haka tun jiya.

Ƙaramar ɗiyata ta tashi tana tambaya yaushe kaka za ta iso. Tani ta tsaya ƙofar ɗakin kusa da rijiya ta ce ko ta naɗe tabarmar. Na ce ta bar ta a shimfiɗe.